Alkawarin Littattafai 24

 Da aka ce duk ɗalibar da ke da sha'awa ta kawo abin da za a sa a filin Hausa na bana, na daɗe ina tunanin abin da zan rubuta. Daga baya sai na ga babu abin da na fi sani kamar wani alkawari da na ɗaukar wa kaina a farkon shekarar karatun nan, da irin wainar da na toya wajen neman cika shi. Tun da wuri bari in gaya muku, har yanzu ban cika shi ba.

Asalin abin kuwa shi ne, a makon farko da muka shiga aji biyar, Malamarmu ta Hausa ta ba mu insha'i a kan ranar kasuwar garinmu. Na zauna na rubuta shafi ɗaya da rabi, ina ganin ai wannan ba wani aiki ba ne, tun da da Hausa aka yi mini tawai, da ita kuma nake mafarki. Da takardu suka dawo sai na ga maki 9 cikin 30, ga jan biro ko'ina kamar an yanka kaza a kan takardar. Malama ta kira ni bayan an tashi, ta ce, "Ke, kin iya Hausar surutu, amma ta rubutu ba ki da ita. Littafin Hausa nawa kika taɓa karantawa daga farko har ƙarshe?" Na yi shiru ina lissafi. Wallahi ko ɗaya ban samu ba, in ban da guntayen da ake sa mu karanta a aji. Ta ce in tuna jarrabawar WAEC da ta NECO na nan tafe a gabanmu, kuma masu duba takarda ba su san ko Bahaushiya ce ni ba, abin da na rubuta kawai za su gani.

A daren nan na ɗauki wani sabon littafin rubutu mai shafi 40, na ja layi, na jera lambobi daga 1 zuwa 24. Na ƙudura cewa daga watan Satumba zuwa ƙarshen Agusta sai na karanta littattafan Hausa 24, watau biyu ke nan a kowane wata, ban da littattafan darasi.

To, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Da na fara, sai lambobin nan suka zame mini kamar tsere. In na shiga laburare ba na tambayar wane littafi ne mai daɗi, sai in bi kanta ina latsa su da yatsa, wanda na ji ya fi sirantaka shi zan zare. In na zo inda marubuci ya tsaya yana bayanin gari ko daji, sai in yi tsalle in wuce. Kafin a yi hutun zango na farko na cike layi 11, ina ta yi wa 'yan ɗakinmu burga da littafin lissafina, har wata ƙawata ta sa mini suna Sarauniyar Laburare.

Da na koma gida hutu, wata rana da dare muna zaune a tsakar gida, sai na nuna wa kakata, wadda muke kira Iya, wannan lissafi. Iya ba ta yi boko ba, amma duk unguwarmu babu wanda ya kai ta iya tatsuniya. Ta ce, "To, kishiyata, tun da kin zama malama, zaɓi ɗaya a ciki ki ba ni labarinsa in ji." Na zaɓi Shaihu Umar don shi na gama daga baya. Na fara da cewa akwai wani yaro da aka sace. Ta ce wa ya sace shi? Na ce wani mutum. Ta ce ina uwarsa take sa'ad da aka sace shi? Na yi tsuru-tsuru. Ta ce to ubansa fa? Na ce ina jin ya mutu, ko kuwa korarsa aka yi daga gari. Ƙannena suka fashe da dariya. Iya ta ce, "Wannan ai ba karatu kika yi ba, leƙe kika yi. Ko kaza ma tana bi ta kan Alƙur'ani ba ta san abin da ke ciki ba." Ban ji daɗin maganar ba ko kaɗan, na shiga ɗaki ina ƙunƙuni. Amma da gari ya waye na ɗauko littafin lissafin, na bi layin nan 11 ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina ko zan iya ba da labarin kowanne. Guda 4 kaɗai suka tsira. Sauran 7 na soke su da hannuna, ina soke wa ina jin kamar ana cire mini haƙori.

Daga ranar na kafa wa kaina doka guda, ita ce kuma babban abin da nake so in bai wa duk wadda za ta yi irin wannan alkawari. Littafi ba ya shiga lissafi sai na ba wani labarinsa da baki, ba tare da na duba ba, kuma na amsa tambayoyin da ya yi mini. A gida Iya ce alƙali. A makaranta kuwa 'yan ɗakinmu ne, ranar Asabar da dare, kuma ku yarda da ni, 'yan aji ɗaya sun fi kowa tsananin tambaya.

Na sake karanta Shaihu Umar a cikin hutun nan, a hankali, cikin kwana 6, kuma shi zan fara ba ku shawara ku nema. Alhaji Abubakar Tafawa Balewa ne ya rubuta shi, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a watan Janairu na 1966. Ya rubuta shi ne tun yana saurayi malamin makaranta, domin gasar da Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya a 1933. Wannan gasa ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sa'an nan a tare da su aka fitar da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Labarin na wani malami ne da ɗalibansa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya kwashe ya gaya musu. Ashe duk abin da na cakuɗa wa Iya biyu ne daban. Ubansa na haihuwa rasuwa ya yi, wanda aka kora daga gari kuwa mijin uwarsa ne, Makau, bafaden da 'yan'uwansa fadawa suka yi wa ƙazafi a gaban sarki saboda hassada. A cikin wannan hargitsi aka sace Umar yana ƙarami, ya bi hannu-hannu har ya faɗa wurin wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetara hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama malami.

Amma ni ba Umar ne ya tsaya mini a rai ba, uwarsa ce. Ita ce ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta aka mai da ita baiwa, aka yi ta sayar da ita har Tarabulus. Sa'ad da Allah ya haɗa su, ta riga ta ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu. A karatuna na farko na wuce wurin nan a guje don ina sauri in cike layi. Da na ba Iya labarin karo na biyu, ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta, ashe hawaye take sharewa da bakin zanenta. Sa'an nan ta ba ni labarin da ita ma kakarta ta ba ta, na yadda a zamanin da ba a barin yara su je ɗebo itace su kaɗai don tsoron mahara. Ita ce kuma ta fassara mini kalmomin fatauci da na rubuta ban gane ba, irin su ayari da madugu. Har ta ce mini zangon da muke faɗa a zangon karatu, asalinsa wurin da fatake ke sauke kaya su huta ne. Ban taɓa haɗa su ba sai ran nan. An yi fim ɗin littafin a 1976, Adamu Halilu ne ya shirya shi, ina fata wata rana a nuna mana shi a babban ɗakin taro.

Wadda kuma take son dariya, ta nemi Ruwan Bagaja. Yana cikin sirara ɗin da na fara zarewa don ha'inci, kuma yana cikin 4 ɗin da suka tsira, domin ba ya karantuwa da tsalle. Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke Liman daga kunyar da aka ba shi a fada, amma rabin littafin duk ramuwar gayya ce tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya yi wa wancan tsiya, gobe wancan ya rama. An haifi Abubakar Imam a 1911, watau shekararsa 22 ke nan sa'ad da ya rubuta shi, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Shekara 6 kawai ya ba ni. In na tuna haka sai in dubi maki 9 ɗina in yi tsaki.

Magana Jari Ce kuwa Babana ne ya kawo mini ranar ziyara. Da farko bai so wannan alkawari nawa ba, don ya ji ana cewa littattafan Hausa na yanzu duk soyayya ce mai ɓata tarbiyya, ya ce shi kuɗin makaranta yake nema, ba na hira ba. Da Iya ta ba shi labarin yadda na sha kunya da yadda na gyara, bai ce kome ba. Sai ga shi ranar ziyara, bayan ya sauke mini gari da ƙuli da sabulu, ya zaro littafi na ɗaya daga aljihun babbar riga, tsoho tukuf, bangonsa an liƙe da salatif, ga sunansa da ajinsu a shafin farko. Ya ce, "Ki riƙe shi da kyau, ya girme ki nesa." An fara buga shi a 1937, kuma kashi uku ne. A na ɗaya, aku ne yake riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari bayan labari, don kada ya fita ya faɗa tarkon da Waziri ya ɗana masa. Ina ba ku shawara kada ku yi masa karatun gudu. Labari ɗaya a rana ya isa. Daga gare shi na koyi yadda ake sa karin magana a inda ta dace, domin da can nakan watsa su ne a insha'i kamar mai barbaɗa gishiri a koko. Na lissafa kashi ukun nan a matsayin littattafai uku, kuma ban ga na yi ha'inci ba, kowa ya ɗaga su ya ji nauyinsu.

Ganɗoki ya ba ni wuya, ba zan ɓoye ba. Kirari da sunayen wuraren yaƙi sun yi mini yawa, sau biyu ina ajiye shi, har yanzu bai shiga lissafi ba. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa 'yan aji ɗaya sun hana ni sakat da shi, sai da na ba su labarinsa sau uku. Malama ta gaya mana asalinsa labarin wani jarumi ne na mutanen Rasha, Sarki Waldima na birnin Kib kuma sunayen can ne aka juya su suka dace da bakin Bahaushe. Haka nan Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda aka ɗauki yaro Kilba aka yi sararin samaniya da shi. Duk wadda take cewa babu labarin kimiyya da Hausa ta neme shi.

Yanzu bari in zo kan waɗanda mata suka rubuta, don su ne Baba ya fi tsoro, su ne kuma suka fi sa mu gardama a ɗaki. So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980 daga kamfanin NNPC na Zariya, kuma shi ake ɗauka a matsayin littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani, da ta dage sai ta auri Yasir, alhali kuwa danginta ba sa so don shi ba Bafulatani ba ne. Yana da daɗi, ko da yake ni wurin da aljana ta shigo cikin labarin bai gamshe ni ba.

Wanda ya fi duka girgiza ni a bana shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Marubuciyar ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed ce, kuma ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma ta nemi ilmi a ajin manya. Labarin na Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa a Kano mai suna Alhaji Abdu. Ta haifa masa 'ya'ya 9, tana ta maleji da ɗan abin da yake bayarwa, sai ya auro Delu, bai daɗe ba ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta ci gaba da karatunsu, har babbar 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci. Shi kuwa Alhaji gobara ta cinye masa shago, Delu ta juya masa baya. Har zuwa nan ina ta murna. Sai kuma a ƙarshe aka taru a kan Rabi aka matsa mata ta koma gidansa. Na rufe littafin da haushi, na kwana biyu ban yi wa kowa maganarsa ba.

Da na kai wa Iya shi a hutun zango na biyu, na ce ni da ni ce Rabi ko da me za a haɗa ni ba zan koma ba. Iya ta ce, "Ke dai ba ki haihu ba ne. Mai 'ya'ya tara ba ta yin fushi irin na mai ɗa ɗaya." Na ce to ai shi ke nan kowane namiji sai ya yi abin da ya ga dama, tun da ya san za a dawo masa. Innata da ke tankaɗe a gefe ta sa baki ta ce marubuciyar ba cewa ta yi hakan daidai ne ba, nuna mana ta yi yadda ake yi. Muka kai har bayan sallar isha'i ba mu daidaita ba, kuma har yau ina nan a kan bakana. A 2012 Malam Aliyu Kamal ya fassara littafin zuwa Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga shi, watau yanzu har a can ana jin haushin Alhaji Abdu. Ɗan'uwansa Wa Zai Auri Jahila? shi ma na karanta, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aura wa tsoho. Wannan kam kowace 'yar makarantar kwana ya kamata ta karanta shi, musamman ranar da ta gaji da wake da shinkafar ɗakin cin abinci ta fara cewa gara a gida.

Iyayenmu, ga roƙona gare ku. Gaskiya ne akwai littattafan da ba su dace da mu ba, ni ma na ci karo da biyu, na mayar wa masu su tun kafin in kai rabi. Amma maimakon a hana mu duka, in kun ga littafi a hannun 'yarku ku ce ta zauna ta ba ku labarinsa. In na banza ne, kunya ba za ta bar ta ta kai ƙarshe ba. Yanzu Baba da kansa yakan tambaye ni inda na tsaya. Kuma mata ba su daina rubutu ba. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata zalla, inda Aisha Muhammad Sabitu ta zo ta ɗaya a karon farko da labarinta Sansani, a kan rayuwar 'yan gudun hijira.

Wasu sukan tambaye ni yaushe nake samun lokaci, ga darasi, ga shara, ga wanki. Amsar ita ce shafi 10 a rana, ba ƙari sai in an samu sarari. Shafi 10 a rana shafi 70 ne a mako, kuma da yawa daga cikin tsofaffin littattafan nan ba su kai shafi 100 ba. Nakan karanta a layin ɗiban ruwa, bokitina yana gabana ina tura shi da ƙafa, da kuma bayan la'asar kafin a kaɗa ƙararrawar wasanni. Lokacin karatun dare ba na taɓa su, wannan na lissafi da kimiyya ne. Kada kuma kowa ta yi koyi da ni wajen karatu da tocila a cikin bargo bayan an kashe fitila. Na gwada sau ɗaya da littafin Rabi, aka kama ni, na yi kwana 3 ina share bayan ɗakin kwana, tocilar ma sai ranar hutu aka ba ni. A littafin lissafina kuma na ƙara gurbi uku a gaban kowace lamba, sunan marubuci da shekarar bugu, sababbin kalmomi, da sunan wadda na ba labarin.

A insha'in ƙarshen zango na biyu na sami 19 cikin 30. Malama ta rubuta a ƙasa cewa da sauran gyara a wajen raba kalmomi, don har yanzu nakan haɗe "ba ni" da "ita ce" in ina sauri.

Yau da nake wannan rubutu layi 16 ne a cike, saura 8, ga dogon hutu yana tafe, Iya kuma ta aiko a gaya mini ta tanadi tabarma. Na 17 ya maƙale ne a Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, labarin Ibrahim da ya baro ƙauye ya shiga birni yana zaton arziki a kan titi ake tsintarsa. Kwafin da na ara shafukan ƙarshe sun zube, ban san yadda aka ƙare da shi ba, kuma bisa dokata ba zan iya sa shi a lissafi ba. Don Allah duk wadda take da cikakke, ko a akwatin babanta ne a gida, ta neme ni a aji biyar kafin ranar hutu, ni kuma zan ba ta aron Magana Jari Ce na Baba, muddin ta yi alkawari ba za ta naɗe masa kunnen shafi ba.